Na Wanke Ƙarfen Ɗana da Rairayi

Malam Wakili, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka ajiye takardar nan sai wani watan, domin kwana goma sha tara suka rage mini. Ka yi haƙuri da ajami, shi na iya. Na ba wani direban lori ya kawo maka hannu da hannu.

Ni mace ce a Birnin Gwari, shekaruna sun kusa hamsin, maigidana ya rasu. Ina koya wa 'yan matan unguwa karatun allo a ɗakina. Maganar ɗana na fari ce, wanda ake ce wa Nababa. Ka san al'ada. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa zama hira da shi ba, goggonsa ce ta raine shi. In ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon bango. Duk wani saƙo tsakaninmu matarsa Furera ke kaiwa.

Bakanike ne, ya koyi aiki a Kaduna tun shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama. Bara ya jawo wata ƙaramar mota 'yar Japan da ta yi haɗari, wadda injinta ba irin na sauran motoci ba ne. Furera ta yi mini bayani: babu fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, gidajen kuma biyu ne. 'Yan tasha suka sa masa Injiniyan Gyaɗa, kullum suna tambayarsa yaushe za a fara sayar da ƙuli-ƙuli.

Ya ƙudura sai ya shiga tseren motoci da ita. Wai injin ba ya shan iska yadda yake so. Ya kai gidajen Kaduna aka huda kowanne ta waje, hudar ta ratsa ta inda ruwan sanyaya inji ke bi, ya zura bututu, ya liƙe kewayensa da wani ƙulli mai ruwan toka da ake kwaɓawa daga gwangwani biyu. Wata bakwai suna wannan aiki shi da abokinsa Andrawus mai walda, mutumin Kakangi. Gida ɗaya ya taɓa tsagewa wajen huda, sai da suka yi wata uku kafin su sami wani.

Ɗakina ne kaɗai mai daɓen siminti da ƙofa mai rufuwa, saboda haka ranar da ya liƙa ƙullin ya aiko Furera ta roƙi in ajiye masa gidajen kwana uku. Ta ce kada yara su taɓa. Ba ta ambaci ruwa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ta wuce bikin suna a Kuyello, shi ya tafi Kaduna neman kayan haɗi.

Da hantsi na fita tsakar gida, na dawo na iske karen Andrawus, wanda ya saba biyo shi gidanmu, ya ture buhun da aka rufa, yana lasar cikin ƙarfen. Ashe an shafa masa mai. Malam, a ɗakin da nake salla, taku biyu daga buzuna da allunan yara. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Na fitar da su, na ɗebo rairayi da toka da soso, na dirje su yadda nake dirje tukunya. A wanki na biyar na ji ƙullin ya yi laushi, wani gefe ya ɗaga. Na danna shi da babban yatsa na lailaye. Na shanya su, na shafa musu man gyaɗa don su koma yadda na same su, na mayar da buhun.

Shafa man nan ya fi komai damuna. Wankin kuskure ne, shafa man kuwa ɓoyewa ce, kuma na san hakan tun hannuna na cikin kwalbar.

Ya dawo, ya ɗauka, ya haɗa injin. Makon jiya ya tashe shi, ƙararsa kamar ana yaga sabon ƙyalle, kajin unguwa duk suka watse. Ina leƙe ta zana. Na ga farin hayaƙi yana fita in an tashe shi da safe, na kuma ga yana ƙara ruwa a lagireto kwana biyu a jere. Ban sani ba ko haka suke yi dama.

Asabar ta bayan Babbar Salla zai gwada ta a hanyar Dogon Dawa, inda dajin ya yi kauri, akwai kwana da 'yar siririyar gada. Furera ta ce zai taka ta iyakar gudunta, Andrawus na gefensa riƙe da agogo. Andrawus 'ya'yansa huɗu. Shekaranjiya ya zo gaishe ni, yana dariya wai Mama ta sa musu albarka, in sun ci tseren zai kawo mini doya cike da but ɗin mota. Na ce Allah ya tsare.

Sau uku ina yunƙurin gaya wa Furera, sai in kama wata magana. Abinci ya daina shiga. A salla ina manta raka'a nawa na yi, abin da ban taɓa yi ba. In na rufe ido gadar nan nake gani. Amma yaron nan ban goya shi ba, ban taɓa wanke masa ko riga ba. Sau ɗaya tak hannuna ya taɓa kayansa, na ɓata masa aikin wata bakwai. Da wane ido zan ce masa haka? Ko mai yiwuwa ƙullin ya kama, ina tayar da hankalina a banza?

Uwar Ɗan Fari, Birnin Gwari.

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaya masa, kuma yau. Sauran abin da zan faɗa dalilai ne kawai.

Na karanta wa wani tsohon bakanike a nan Kaduna wasiƙarki. Ya ce farin hayaƙi da shan ruwa alama ce ruwa na silalawa ta ƙullin zuwa inda mai ke ƙonewa. Ya ce yawanci irin wannan inji zafi zai yi ya mutu, direba ya sauka ya taka da ƙafa. Amma ƙwayar rairayi ɗaya da ta maƙale tana iya karya wani abu ana tsakar gudu, kuma ba mai rantsuwa a kan abin da mota za ta yi a kwana. Gwajin ba wuya: a toshe hanyar ruwa, a hura iska da famfon keke, a ga ko za ta riƙe. Sake liƙi kuwa aikin mako guda ne. Wata bakwai ɗin ba su tafi ba. Kwanakin da suka rage sun isa, in ba ki cinye su da shiru ba. Shi ma yanzu yana neman inda ruwansa ke zuwa, ke ce riƙe da amsar.

Na kuma tambayi malami. Ya ce a mazhabarmu yawun kare mai rai ba najasa ba ne, wanki bakwai na mazubin ruwan da ya sha a ciki ne, ba na ƙarfen inji ba. Niyyarki tsarki ce, Allah ya ba ki ladanta. Andrawus da karensa kuma kada a ɗora musu komai.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Wanda ya ajiye abin da ba ya son ruwa a ɗakin matar da ke alwala sau biyar a yini, ya kamata ya faɗa. Bai faɗa ba ne saboda ba kwa magana. Kunyar ɗan fari ado ce, ban raina ta ba, amma ba a yi ta don a binne shi da ita ba. Shafa man kuwa kin riga kin yi wa kanki hukunci. Tubarsa ita ce ki faɗa masa.

Yau ɗin nan in ya durƙusa gaisuwa, ki ce Furera ta tsaya, ki ce shi ma kada ya tashi. Ki ci gaba da kallon bangon in kin so. Ki faɗi komai bi da bi, har man gyaɗar. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi kwana biyu yana gaisuwa a taƙaice. Ki jure. Mai fushi yana dawowa gida.

Abu na ƙarshe. Kin ɓoye sunanki, ni ma na canja na sauran, amma mota mai injin gyaɗa ɗaya ce a Birnin Gwari, kuma 'yan tasha na karanta jaridar nan. Da gangan zan buga, domin rai biyu ne. Na ba direban da ya kawo wasiƙarki amsar nan da ajami, za ta iso gare ki kwana huɗu kafin jarida. Ki riga ta. Gara ya ji daga bakin uwarsa, ko da wannan ce doguwar magana ta farko da za ki yi masa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya kai su Dogon Dawa ya dawo da su lafiya, ki ci doyar Andrawus.

Malam Wakili.