Ledar da Aka Musanya

Auta,

Na wuce asibiti, na bar ka kana barci.

Tun jiya gwaggonninka ke cewa mai kemis ba ta amsa laifi, wai ko na je sai dai ta rantse ta kore ni. Gani ya kori ji. Da safe na kai mata katin ƙwayoyin da suka sumar da babanku.

Tana dubawa ta ce, "Mama, kuskurena ne. Ledar wani mai ciwon sukari na ba ku." A gabana ta kira likitan babanku, ta gaya masa abin da ya sha. Sannan ta rufe kanti, ta tafi neman wanda ya tafi da tamu ledar. Ni da karatuna ban ma tuna da shi ba.

Saboda haka ka ajiye zuciyar nan taka, kada ka je mata da faɗa. Kawo mini kwalin maganin da ke kan firji, likita zai gani.

Babanku ya farfaɗo, har yana mitar shayi. Wancan bawan Allah kuma ta same shi bai buɗe ledar ba.

Ta amsa laifinta.

Mamarka