Shatin Yatsu a Bangon Mama

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa nema albarka. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya sa mu gaba. Autata ta yi mura ta warke, maigidan kuma yana miƙa gaisuwa.

Maganar Mama ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya ba dama, tana gefena tana kasa kunne. Akwai abin da take ɓoye mana. Ka san Mama, kujera ma ba ta yarda a gusar mata, amma a tsakiyar sanyin nan ta tashi wai sai an sake fentin falo. Na ce ta bari zafi ya shigo, yanzu fenti ba ya bushewa, ga tagogi sai an bar su buɗe, ga tarinta. Ta ce falon ya yi duhu, fari fat take so. Falon da rana ke shigowa har kan dardumarta!

Da farko na zaci gidan take shirin sayarwa a ɓoye. Daga baya na koma kan mai fentin, wani dogo mai yawan murmushi. Ya yi shafin farko, ta ce bai yi haske ba. Ya ƙara, ta ce da saura. Na ce lallai wannan ya samu tsohuwa yana juya ta son ransa. Na tare shi a ƙofa na wanke shi tas. Ya rantse shi ma ya gaya mata bango ba ya wuce haka fari. Ban yarda ba, ka san halina.

Shekaranjiya da safe na je gidan Mama. An tara kujeru a tsakiya an lulluɓe da tsoffin zannuwa, warin fenti har maƙogwaro. Sai na ga shatin yatsu a bango, a jere, tun daga ƙofar ɗakinta har ƙofar kicin. Na buɗe baki zan ɗora wa yarana laifi, sai na lura hannunsu ba ya kaiwa nan, daidai kafaɗata yake. Mai fentin ya ce kullum haka yake tararwa ya shafe, ya ɗauka na sani. Da lokacin zafi ne bangon ya bushe da wuri, da ba wanda zai gani.

Na same ta a kicin tana laluben murfin tukunya. Ina tsaye a gabanta, sai da na yi magana ta san ni ce. Na kama hannunta, ga farin fenti har ƙarƙashin farce, ba ta ma san yana nan ba. Yaya, nan na tuna ta daina zura zare a allura, hotunan da kake turowa kuma sai ta miƙo min wayar ta ce in faɗa mata yadda yaran suka girma. Na ce mu je wurin likitan ido, ta ce lafiyarta lau, in daina sa mata ido. Da na matsa sai ta riƙe ni ta ce, "Kar ki gaya wa yayanki, zai baro aikinsa."

To ga shi na gaya maka, don maganarka kaɗai take ji. Na hana mai fentin shafe shatin, yana nan sai ka zo ka gani da idonka.

Ka gaida matarka da 'yan biyu, da Kawu idan kun haɗu. Don Allah ka taho da yaran, tun tana iya ganin fuskokinku.

Ƙanwarka mai yawan zargi.