Ɗaya Gefen Tef Ɗin Awo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na ɗauki alƙalami ne don raina ba daɗi.

Inna, ɗakin ɗinkin da kinka bar mana a Illo ya cika da mata masu koyo, har keken lantarki munka samu. Amma da kin ga abin da ya faru kwanan nan, da abinci bai shige ki ba.

Wata baiwar Allah, Hamsatu, ta zo daga ƙetaren iyaka. Mijinta ya rasu, tana neman sana'ar da za ta riƙe 'ya'yanta. Aka ba ta leshin amarya, aka faɗa mata awo. Kin san mu da inci muke aiki, su kuwa can santimita sunka saba da ita. Ba wadda ta gaya mata. Ta juya tef gefen da ta sani, ta sa almakashi. Riga ta fito kamar ta 'yar goye.

Leshi an sayi wani, Inna. Dariyar da aka yi mata ce ta tsaya mini a rai. Aka ɗaga rigar, aka ɗauki hoto, aka tura guruf ɗin teloli na waya. Na tsawatar, amma hoto ya riga ya kai har garin Kaoje. Hamsatu ta naɗe tef ɗinta, ta roƙi gafara, ba ta sake zuwa ba. Yanzu wasu na cewa a daina karɓar 'yan ƙetare.

Na tuna ranar da na haɗa hannun riga a juye. Ba ki karɓe ba. Kinka matso da kujera, kinka ce, "Warware a hankali, ni ma nan nake ɓatawa." Na girma kafin na gane ba kya ɓatawa a nan.

Jiya na ɗauko tsohon tef ɗinki, na juya bayansa. Ga lambobin santimita da Hamsatu ta sani nan. Tun ina budurwa yake wuyana, ban taɓa karanta su ba.

Gobe in Allah Ya yarda zan ƙetara wurinta da shi, in roƙe ta ta koya mini wannan gefen. Ban sani ba ko za ta yarda ta dube ni. Innata, ke da kin san yadda ake fara maganar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya zuciyar Hamsatu, Ya shirye mu.

'Yarki mai kewarki,
Rabi