Irin Babanki Bai Ɓace Ba

Gure, bayan girbi

Zuwa ga autata Fa'iza,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da malamanki a Yamai. Allah ya ƙara miki basira, ya jiƙan babanki. Mu nan lafiya lau, na fita takaba, ƙafar gwaggonki Habsu ma ta yi sauƙi.

Sau uku kina tambayata irin hatsin babanki don bincikenki, ni kuwa ina kauce miki. Yau zan faɗa miki gaskiya. Ranar sadakar bakwai, matan da suka zo taya mu aiki sun shiga rumbu, suka sauke damin nan da ya ɗaure da jan ƙyalle, suka sussuke, suka daka fura. Ba laifinsu ba ne, sun ga ƙananan zangarniyu sun ɗauka na ci ne. Ni ma na sha furar ban sani ba. Da na gane, na yi kuka kamar ranar ya rasu. Shekara goma sha tara yana zaɓen irin nan. Kin tuna ba ya ɗaukar babbar zangarniya, sai wadda ta tsaya lafiya kusa da wadda kuturtar hatsi ta kama, har maƙwabcinmu Baba Tukur yana masa dariya wai yana tara gajeru irinsa.

Da damina ta matso, na share ƙasan rumbun, na samu abin da bai kai rabin tiya ba, haɗe da ƙasa da kowane irin hatsi. Na shuka a bayan gida, ban san ko akwai nasa a ciki ba. Sai ruwa ya yi yawa, kuturta ta shigo, ganye ya yi fari daga ƙasa, kai ya fito da ganye maimakon tsaba. Na ce shi ke nan. Amma a tsakiyarsu wasu suka tsaya kore shar, kuma da suka fid da kai, wallahi gajerun nan ne! Ciwon da kansa ya tsince mini su.

Malamin gona da aka kawo daga Maraɗi ya zo ya duba. Ya ce cutar kamar funfuna ce, tana huda jikin shuka. Ya ce jikin hatsi ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da bangonsa, wani hatsin kuma yakan yi saurin ƙara wa bangon kauri daidai inda ake hudawa, kuma 'ya'yansa suna gadon wannan hali. Sai na tuna haka kika taɓa yi wa babanki bayani, ya ce ashe maginin katanga yake noma. Malamin ya ce sai an gwada kafin a tabbatar. Wannan kuma aikinki ne.

Na ba ɗan Habsu, Fadilu direba, zangarniya tara, zai kawo miki ran Laraba. Sauran na ɗaure da jan ƙyallen nan, na rataye a ɗakina bisa gadona. Mai son dakawa sai ya fara ɗaga ni. Baba Tukur ma ya zo roƙon biyu, bai ko yi dariya ba.

Habsu da yayarki Rabi suna gaishe ki. Ki gai da Ummul Kulsum da ta riƙe ki kamar 'yarta. Ki riƙa cin abinci.

Mahaifiyarki,
Balkisa