Buhun Masara a Hanyar Miri

Fadaman Mada, Bauchi
Laraba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya ciwon gwiwar? Yaya aikin kaka a Zungur? Wannan ba maganar waya ba ce. Ƙanwata Rifkatu ta karanta miki, ku biyu kaɗai.

Ranar Asabar da safe ina kan kekena a hanyar Miri, a bayan motar Dattijo Prosper, wanda ya ba ni aikin sharar coci da ɗakin da nake kwana. An loda mata masarar godiyar kaka da za a raba wa gwauraye, lodi har sama, igiya ɗaya tal. A kwana wani buhu ya sulluɓo gaban wani ɗan acaɓa, Hafizu, yana ɗauke da Inna Fatu mai tallan nono. Suka kife. Ƙwarya ta fashe, ƙafar tsohuwar ta karye. Kafin in ƙaraso an mai da buhun mota, an wuce. Ni da mutanen da suka taru daga baya muka kai su asibiti.

Yanzu 'ya'yan Inna Fatu sun ce gudu Hafizu yake yi, yana hannun 'yan sanda. Yana ta rantsuwa buhu ne, ba wanda ya yarda. Ita kuwa bayansa kawai take gani. Masarar da ta zube kaji sun tsince ta tun kafin rana ta take.

A wurin rabo an yi waƙa, an ɗauki hoto. Na ga buhun, an ɗinke ɓarakar da zare shuɗi.

Ranar Lahadi aka karanta mana cewa ba yawan baiko Allah yake nema ba, gaskiya yake so, da jinƙai, da sauke kai a gabansa. Amin ɗin Dattijo ya fi na kowa ƙara. In na yi magana, ɗaki ya tafi. Za a kuma ce na miƙa dattijonmu ga Musulmi, kin dai san garin nan, ƙaramar magana takan zama wuta. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mika

Litinin

Mama,

Ina gaishe ki, ina gai da mutan gida. Saƙonki ya iso, wai in yi shiru in riƙe tsintsiyata. Na gwada, Mama.

Na je duba Inna Fatu. Ta sa mini albarka don 'yar ayabar da na kai, har na kasa kallon idonta. Matar Hafizu kuma kullum tana zaune bakin ofishin 'yan sanda da goyo da kwanon abinci.

Na bi yadda aka koya mana, na sami Dattijo shi kaɗai, na durƙusa. Ya ce in maganar ta fita sunan coci zai ɓaci, gwauraye su rasa masu ba su. Sai ya tambaye ni ko mabuɗin ɗaki ɗaya ne a hannuna ko biyu. Na gane, kora ce. Na ɗaure kayana, ki share mini ɗakin Baba.

Gobe zan je wurin 'yan sanda in faɗi abin da na gani. Ina tsoro, maganar mai shara ba ta da nauyi. Amma an koya mana in ɗan'uwa ya ƙi ji, a koma da shaida. Kin san mutum ɗaya ba ya ɗaga buhun masara. Wani ne ya fito daga kujerar gaba ya kama ɗayan gefen. Shi ne ya yi mana karatun nan na waccan Lahadi. Fasto Ayuba ne, Mama. Da safe, kafin in tafi, zan tsaya a ƙofarsa, komai daɗewa sai ya fito ya zama shaidana.

Allah ya bar mu tare.

Ɗanki,
Mika