Nauyin Akushinki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto in shaida miki autarki ta tsufa, har an fara auna mata tuwo.

Ciwon sugan da ya ci ƙafarki ya biyo ni har Gwale. Wani ɗan miki ya fito mini a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Likita ya duba, ya yi irin shirun da aka yi ranar da aka duba taki. Ya ce duk abin da zan ci sai an ɗora a sikeli, a san kalori nawa ne, wato ƙarfin da ke cikin abincin. Jikarki Bilkisu ta sayo wani ɗan mitsitsin sikeli, kamar na masu gwal. Ni da tuwon dawa, wai mun zama zinariya.

Ke ba ki taɓa auna komai ba. Mara ki cika, ki ɗora, ki ƙara. In na ture kwano sai ki ce, “Ba a tashi a bar abinci yana kallon mutum.” Haka kika yi ta ci da mu, kina dariya, ƙafar tana baƙi a ƙarƙashin zani.

Na ce wa Bilkisu ni dai a akushinki zan ci. Ta ɗora shi a sikelin babu komai a ciki, sai ga lambobi sun fito. Na ce mene ne wannan? Ta ce nauyin akushin ne, sai an danna an mayar da shi sifili, in ba haka ba awon ƙarya ne. Inna, hannuna ya ƙi. Ita ke dannawa, ni ina kawar da kai.

Malmalar da ta halatta gare ni ko gindin akushin ba ta rufewa. Kullum in na suɗe hannu, sai in ji ki a bayana, wajen murhu, kina cewa in ƙara.

Inna, ba zan ƙara ba. Ni na wanke miki dungulmin nan bayan an yanke ƙafar, ba na so Bilkisu ta wanke nawa. Yau da kaina na danna, na mayar da akushin sifili. Kada ki yi fushi. Sikelin ne bai san nauyinki ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya mayar miki da ƙafarki a Aljanna, Ya ciyar da ke ba da awo ba.

Autarki,
Ladidi