Malamin da Ba Ya Ganin Fuska

Zongo, Lome

'Yata Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya a Kumasi, ke da maigidanki.

Na taɓa ji a bakin masallaci wai an yi malamin da ke koyarwa daga cikin waya, ba ya tari, ba ya fushi. Na ce zancen 'yan kasuwa ne. To, yau ga shi a ɗakina. 'Yarki Batul ta faɗi lissafi a jami'a, an ce ta maimaita ta intanet. In ta sake faɗuwa, sallama ce.

Kin san halinta, tana gyaɗa kai ko ba ta gane ba. Malamin aji yakan kama ta a ido. Wannan kuwa zuba kawai yake, ta gyaɗa masa, ya wuce.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Nata'ala

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. In karatun ya gagara, a turo mini ita, shagon atamfa na neman hannu. Fauziyya 'yar maƙwabciyata ai da malamin waya ta gama nata, ba ta yi kuka ba. Kai ne ke shagwaɓa ta.

Allah ya ƙara girma.
Hannatu

*

Hannatu,

Na amsa gaisuwa. Fauziyya ai ko bango ne ya koya mata za ta ɗauka. Tamu ba haka take ba.

Shekaranjiya na tarar da ita tana hawaye, mutumin cikin waya bai ma san ana yi ba. Sai na tuna kakata: ba ta ci gaba da tatsuniya sai mun amsa, in muka yi shiru ta tsaya.

Na ce, "Amarya, kashe shi, zo ki biya mini."

Ta ce, "Tsoho, kai da lissafinka bai wuce na huhun goro ba?"

Na ce, "Shi ya sa."

Yanzu kullum bayan la'asar takan zauna gabana ta koya mini. Inda na ji muryarta ta yi rawa, sai in ce ban gane ba. Ta yi tsaki, ta koma wajen malaminta, ta dawo ta sake. Wai ba ta taɓa ganin daƙiƙin ɗalibi irina ba. Gaskiyarta, har yau ban gane komai ba.

Ki bar mini ita zuwa jarrabawa. Ki gaida yara.
Mahaifinki

*

Baba,

Barka da war haka. Shiru fa? An ce sakamako ya fito. Na kira ta ba ta ɗauka ba, ko abinci na kasa ci. Maganar shagon nan, ba har zuciya na faɗa ba.

Hannatu

*

Hannatu,

Salama da albarka. Tashi ki ci abinci. Ta haye, da ƙyar, amma ta haye.

Ilyas mai babur ne ya fara kawo mini labari, sai mai koko, sai liman da kansa. Duk na ce musu ban ji ba, kuma kada su ce sun faɗa mini. Na shimfiɗa tabarma na jira. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe, tana haki a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu, malamata ce, Batul.

Mahaifinki, Nata'ala